Rasuwar Ɗan Shiru, Injin Kwalekwalen Babana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda har yau bai rage ba, ni Salma Mika'ilu nake sanar da masuntan dam ɗin Gubi da sauran masu ƙaunarmu rasuwar Ɗan Shiru, ƙaramin injin batir da ya shekara uku yana tura kwalekwalen mahaifina. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a hannuna.

Marigayin baƙo ne. A cikin kayan gwanjo na tsinto shi a kasuwar Wunti, shekarar da kafaɗar Baba ta ƙi filafilin tuƙa kwalekwale, likita ya ce ya haƙura da ruwa. Wata biyu Baba yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ragar da ba ta yage ba.

Ba don irin jirginmu aka ƙera shi ba. Wuyansa ya yi tsawo, yana tonon laka, kuma bayan kwalekwalenmu tsini ne, babu wurin maƙala shi. Sabitu mai walda ya ce in koma makaranta in ci gaba da zanen waya a takarda. Masunta suka ce 'yar boko za ta koya wa kifi lantarki. Na yanke wuyan da hannuna, na sake jan wayoyin ciki. Katakon farko da na kafa don maƙala shi ya tsage. Na biyu ya kifar da ni a gaban mutum goma sha ɗaya, na san su duka da sunayensu. A karo na uku na sa katakon maɗaci a gefe, na ɗaure injin da noti huɗu, ɗaurin da ba ya kwancewa. Na yi alfahari da wannan ɗauri.

An san marigayin da kunya. Ba ya ɗaga murya, sai dai "zzzz", kamar sauro mai ladabi, har karfasa ba ta sanin an iso kanta. Bai taɓa zubar da ɗigon mai a ruwan da Bauchi ke sha ba. Ya mayar da dattijo bakin aikinsa, bai taɓa yi masa gori ba.

Ajalinsa ya zo a bazara. Baba ya kwanta zazzaɓi, ni ina jarrabawa, kwalekwale yana rana ya fara tsagewa. Hamma, ƙanin Baba, ya yi abin da kowane masunci na kirki zai yi: ya zuba duwatsu ya nutsar da jirgin a bakin gaɓa don katako ya sha ruwa. Ya gwada cire injin, notin nan huɗu suka ƙi. Sai ya ce a ransa, abin da yake wuni a ruwa, ruwa ba zai kashe shi ba. Ƙafarsa ce take son ruwa, Hamma, ba kansa ba. Kwana tara ya yi a ƙasa.

Na buɗe shi, na wanke, na shanya, na sauya duk abin da zai sauyu. Da na haɗa batir ya ce "kat, kat". Daga nan shiru, irin wanda ba nasa ba.

Kada kowa ya ga laifin Hamma, kwana uku ke nan ba ya iya haɗa ido da yayansa. Ni na ɗaure notin. Wannan kaɗai na amsa, sauran maganganun da aka yi a kaina ban amsa ba.

Ya rasu ya bar batir guda mai sauran ƙarfi, da farfela, da katakon maɗaci da ko gezau bai yi ba, da Babana Malam Mika'ilu, wanda jiya na tarar ya sake ɗauko ragar nan a ƙofar gida.

Ba za a miƙa gawar ga 'yan gwangwan ba. Za a naɗe ta a buhu a ajiye a ɗakina har in gama koyon abin da ya rage a cikinta. Katakon yana nan a jikin jirgi, kuma injin da zai gaji marigayin da maƙali mai kwancewa zai zo.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar bayan sallar asuba, a mashigar masunta ta Gubi. Masu shawara su bar ta a gida. Wanda ya makara sai ya jira mu dawo, domin Baba zai zauna a gaba da ragarsa, ni kuma zan riƙe filafili.