Kwamfutar da Ta Ci Gwaji

Ranar Talata na je ofishin ba da izini don sabunta takardar shagon ɗinkin maiɗakina. Idan Juma'a ta yi babu takardar, za a garƙame shagon da kayan mutane a ciki. Bayan awa uku a layi na isa taga, akawu ya ce kwamfuta ta ƙi buga takarda tun makon jiya.

"To a gyara mana," na ce.

"Malam, lafiyarta lau. Ga shaida." Ya nuna mini wata takarda manne a bango, da hatimi biyu da sa hannun Mai Girma Babban Mai Duba Masu Dubawa.

Na ci sa'a, mai kula da kwamfutocin wurin 'yar maƙwabcina ce. Ta ja ni ofishinta, wanda bai kai banɗakinmu faɗi ba, ta yi mini bayani. Kowace kwamfuta tana da rajista a cikinta, inda take ajiye saitinta. Layi ɗaya a rajistar shi ke gaya mata firintar da za ta tura wa aiki. Manya sun aiko da wani ɗan umarni da ake bugawa duk safiya, tambayarsa guda: layin nan yana nan? Ta buga a gabana. Allo ya ce akwai.

"To ai ga shi akwai."

"Akwai, Baba, amma fanko ne. Sunan kawai ya rage. Umarnin ba ya leƙa ciki."

"Cika shi mana, 'yata."

"Aikin minti biyu ne. Sai dai rubutu a rajista sai da lambar sirri daga sama, ita kuwa kwamfutar da ta faɗi gwaji kaɗai ake ba wa."

Dole mu jinjina wa manyanmu. Kwamfuta arba'in a gidan, arba'in sun ci gwaji, bara har lambar yabo aka rataya a ƙofar shiga. Masu bin layi ne kawai ba su waye ba.

Yarinyar ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ashe ranka ya daɗe mai lambar sirri ya kulle rubutu, ya manta bai kulle gogewa ba. Ta goge layin ɗungurungum, ta sake buga umarnin. Allo ya ce babu.

Laraba lambar sirri ta iso, Alhamis na karɓi takardata. Yarinyar kuma ta karɓi tata, ta tuhuma: ta bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ta zubar wa ofis da mutunci, daga arba'in zuwa talatin da tara. An kafa kwamiti.

Da na kai wa maiɗakina takardar, ta ce in sauke ta shago, ta tambaya ko akwai mai a babur. Na ce akwai tanki. Ba ta ba ni lambar yabo ba.