Ƙarin Ruwa Ba Izini

A wani asibiti an yi wata shugabar ma'aikatan jinya, Hajiya Tasalla, mace mai son a san da ita. Dokarta ɗaya ce: kada nas ta taɓa komai sai da izininta. Ko matashin kai za a gyara wa majinyaci, sai an nemo Hajiya. Sista Barira kuwa shekararta goma sha huɗu tana aikin, jijiyar jariri ma ba ta yi mata gardama, amma takardun gargaɗi biyu ta riga ta kwasa: ɗaya don ta sauya bandeji, ɗaya don ta buɗe taga. Ta uku kuma, kowa ya sani, canjin wurin aiki ne zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Abin yana cin ranta, amma ta kame bakinta.

Rannan Hajiya ta fito ba ta karya ba, ga ciwon suga, ta yi ta zagaye tana zazzaga faɗa har azahar. Tana tsakar tuhumar wanda ya matsar da kwandon shara, sai ji aka yi tim! Ta zube a sume.

Likita yana ɗakin tiyata. Nas-nas suka yi cirko-cirko, kowa na tsoron takarda. Barira ta ce a ranta, in ƙauyen ne ma a tafi. Ta gwada sugan, ta ga ya yi ƙasa warwas, nan take ta ɗaura mata ruwa.

Can Hajiya ta buɗe ido. Ba salati, ba sannu, sai ta kafe robar da ke hannunta da kallo.

"Wa ya sa min wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Da izinin wa?"

"Wallahi na tambaye ki har sau uku, Hajiya, kika yi min banza."

"Au, baki ma gare ki? Ku miƙo min biro da takarda!"

Barira ta rusuna cikin ladabi, ta ɗora yatsa a kan makunnin ruwan.

"Allah ya huci zuciyarki, Hajiya, kuskure ne, yanzu zan gyara. Bari in rufe ruwan, ki koma sumanki, in kin tashi sai ki ba ni izinin."