Ranar da Cikina Ya Yi Magana a Auren Bulus

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe min komai, da Asabar ɗin auren abokina Bulus a Kakau. Ni ne babban abokin ango, kuma murnata ta fi ta ango. Duk unguwarmu Trikania babu wanda ban gaya wa ba, har mai shayin layinmu.

Matsalar ɗaya ce: tumbi. Tun da na samu aikin ofis nake ƙiba, cikin kuma ya koyi rigima. Yau kumburi, gobe murɗa, wani lokaci in yi kwana uku ban zagaya ba. An yi gwaji, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Likita ta ce, "Malam, hanjinka ne mai saurin fushi, ƙibar nan kuma tana iya ƙara tunzura shi. Ka rage a hankali. Ka riƙa tafiya a ƙafa, ka sassauta wa maiƙo."

A hankali? Biki saura sati biyu, maɓallin kwat ya ƙi haɗuwa! Sai na sayi shayin rage ƙiba wajen wata mata a ofis, na daina cin abincin rana (tsiren yamma dai ban daina shi ba, ai ba shi likita take nufi ba). Ran biki na sha kofi biyu na shayin, na ari bel ɗin matse ciki na matata Laraba.

Ta ce, "Baban Joy, za ka iya numfashi kuwa?"

Na ce, "Ja kawai!"

Kwat ya shiga! Na shiga coci ina taku ɗai-ɗai, ganguna na tashi, mata na guɗa, har da ɗan juyi na yi a bakin ƙofa. Da aka zo alkawari, Fasto ya ba ni makirfo in riƙe wa ango. Hannuna ya gaji, na sauke shi daidai cibiya.

Fasto ya ce, "In akwai mai dalilin hana wannan aure, ya yi magana yanzu."

Coci ta yi tsit. Sai cikina ya ce ƙuuurrr, wata ƙara doguwa mai lanƙwasa, ta fito ta kowace lasifika.

Uwar amarya ta miƙe zumbur. "Wane ne? Ya fito mu gan shi!"

Fasto ya sauke tabarau ya dube ni. "Ɗan'uwa, ƙorafi ne ko shaida?"

Dariya ta ɓarke. Amarya Rifkatu sai jijjiga take cikin mayafi. Kafin in buɗe baki shayin ya fara aikinsa na gaske. Na danƙa wa ango makirfo, na fita da wata irin tafiya, gwiwa manne da gwiwa, ina gaida mutane da ka.

Ina bayan gida ina haɗa gumi, sai na ji bugun ƙofa. Laraba ce. "Baban Joy, zoben! Kowa na jira!"

Zoben auren yana aljihuna. Ta ƙasan ƙofa na tura mata shi. (Ta rantse sai da ta wanke shi sau uku.)

An ɗaura aure lafiya, ba na wajen. Yanzu kullum da safe nakan taka zuwa unguwar Nasarawa in dawo, tumbin na sauka kaɗan-kaɗan, hanjin ya rage faɗa. Abin da na koya shi ne, ciki ba ya son gaggawa, kuma duk wanda ya hana shi magana a gida, to a gaban jama'a zai yi ta.