Sunan da Kurame Suka Raɗa wa Alhaji Inuwa

Masha Allah. Duk wanda bai san Alhaji Inuwa na Ƙofar Kibo ba, to bai san alheri ba. Bawan Allah ne da ba ya iya barci sai ya taimaki wani, kuma ba ya iya taimakon wani sai mai hoto ya iso. Shi ya sa mu matan unguwa muke ce masa Alhaji A-Ɗauka. Sarautar da ya naɗa wa kansa kuwa, Garkuwan Masu Fasaha Masu Buƙata ta Musamman. Kafin ka gama faɗinta an idar da salla.

'Yata Radiya kurma ce. Haka Allah Ya ba ni ita, kuma na gode Masa. Zane take yi. Adon nan na bangon tsofaffin gidajen birni, wanda damina ke cinyewa, shi take kwashewa da fenti ta zuba a kan ƙyalle. Burinta ɗaya ne: aikinta ya shiga shagon masu sayar da zane da sunanta a jiki, ta zama mai sana'a, a daina kallonta ana cewa Allah sarki.

Labarinta na kai wa Alhaji, sai ga shi har gida, da mai hoto, da kyauta cikin kwali. Aka buɗe. Rediyo.

"Don ta riƙa sauraron hirarrakina," in ji shi. "A ɗauka!"

Na ce Allah Ya saka da alheri. Ni nake jin wa'azi da shi yanzu.

Daga nan ya sanar da duniya ya ƙware a maganar hannu. Zama ɗaya ya yi a ƙungiyar kuramen su Radiya, ya fito gangaran. Ƙwarewar ita ce ya matso dab da kunnen yarinya ya daka tsawa, yana kaɗa hannuwa kamar mai korar kaji daga shanya.

To, sai ya shirya baje kolin zane a ƙofar gidansa. Aka kafa rumfa, aka jera aikin yaran ƙungiyar su Radiya, aka kafa hotonsa a tsakiya, wanda ya fi duk zanen girma. Cikin baƙi har da Hajiya Sailuba, mai babban shagon zane a Kaduna. Ita muke ta addu'a Allah Ya kawo.

Alhaji ya karɓi lasifika. "Jama'a, waɗannan bayin Allah ba su da murya. Ni ne muryarsu. Ni ne ƙafarsu, ni ne idonsu. Ba na son a yabe ni, amma ba zan hana ba."

Hajiya ta tsaya gaban wani zanen Radiya mai shuɗi da ja, ta daɗe. Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

"Mu muka yi," in ji Alhaji. "Wato ita ta riƙe buroshi, ni na riƙe hangen nesa."

Ta ce a tambayi yarinyar ko za ta riƙa kawo mata irinsa shago. Alhaji ya gyara babbar riga, ya yi tsawarsa, ya kori kajinsa. Radiya dai ta gane daga yadda Hajiya ke nuna zanen. Ta amsa da hannu. Ina daga ɓangaren mata ina gani: ta ce za ta iya, amma da sunanta a jiki.

Alhaji ya gyaɗa kai. "Allahu Akbar. Ta ce ita ba ta son abin duniya. Ta ce duk zanen ta bar wa gidauniyata, sunana za a sa. Ta ce kuma ni uba ne."

Wallahi na miƙe zan yi magana, tafi ya danne ni.

Hajiya Sailuba ba ta yi tafi ba. Ajiye jakarta ta yi, ta naɗe mayafi a kafaɗa, ta ɗaga hannuwa biyu. Ashe yayanta kurma ne, da maganar hannu ta tashi. Nan fa hira ta ɓarke tsakaninta da Radiya, har da dariya. Muryar marasa murya yana tsaye a tsakiya, ya dubi wannan, ya dubi waccan. Kafin la'asar sun gama magana: zane zai tafi Kaduna, da sunan Radiya a jiki.

"Abin da na faɗa ke nan," in ji Alhaji, "a taƙaice."

Da ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma ina! Sai ya sake jawo lasifika.

"Ku sani, kurame ba sa kiran mutum da sunan yanka. Da hannu suke raɗa wa kowa suna, kuma ni ma sun raɗa mini. Ga shi." Ya kai hannu ƙarƙashin haɓa, ya saki yatsu suna lilo. "Gemu ke nan. Wato Dattijo. Ko ba haka ba, Hajiya?"

Hajiya ta cusa baki cikin mayafi, tari ya sarƙe ta. A wurin su Radiya, haka ake nuna talotalo, da tsokar nan tasa mai reto a wuya in ya kumbura yana zagaye tsakar gida.

Da ta samu numfashi ta ce, "Alhaji, wallahi sunan ya dace da kai."

Yanzu ya sa an zana hannun a ƙofar gidansa. In ya wuce a mota, da shi yake gaida jama'a. Malamarmu ta Islamiyya ta ce kunyata Musulmi babu kyau, don haka duk Ƙofar Kibo babu wanda ya gaya masa. In ya yi mana, sai mu mayar masa, cikin ladabi.