Ranar da Direban Tirela Ya Gyara Mini Rahoto

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da watana na biyu a aiki ba, lokacin da aka tura ni duba wani wuri da ya lotsa a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Sabon injiniya ne ni, ga hular kwano fara fes (sai sallah ke raba ni da ita). Minti goma na yi ina dubawa, na rubuta rahoto: kwaltar ce ba ta da kyau, a kankare a zuba sabuwa.

Ranar da ogana ya zo, direbobi suka kewaye mu, ni kuwa na shiga zuba bayani, rabi da Turanci. Sai wani tsohon direban tirela, Baba Isiya, ya matso.

"Injiniya, kwalta guda anka zuba ma hannuwan ga biyu?"

"Guda ce mana, Baba."

"To mi ya sa hannun da ka zuwa Ƙaura kaɗai ya lotsa?"

Na waiwaya. Wallahi sai lokacin na lura: hannu ɗaya sumul, ɗayan da kwari biyu daidai sawun taya. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Wataƙila rana ta fi dukan wannan gefen." (Har yau ban san inda na samo wannan ilimi ba.) Wurin ya kaure da dariya, har da oga.

Baba kaɗai bai dara ba. Ya ce, "Ɗana, wofi muke zuwa Shinkafi, mu komo da shanu da buhunnan hatsi. Nauyi bai tsayawa ga kwalta, ƙasa yake nutsawa. Wurin ga laka ce, in ta sha ruwa taya ya danne ta, sai ta gudu gefe. Shekara talatin ina jin ta ga sitiyari."

Oga ya sa aka haƙa. Ga laka nan, ta matse a ƙarƙashin sawun, ta kumburo a gefe, daidai yadda ya faɗa. Da an bi rahotona, damina ɗaya za ta cinye aikin. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wannan yana cikin littafina na makaranta, har jarrabawa na ci a kansa.

Tun daga ranar, in aka tura ni duba hanya, tasha nake fara zuwa, in zauna cikin tsofaffin direbobi in kama bakina. Yanzu a ofis ana ta yaba mini basira. Ni kuwa ba na musu.