Ranar da Gugan Maman Doofan Ya Tafi Hutu

"Ga guga can a rataye, Mama. Ina ganinsa da idona."

"Wannan guga yana hutu."

"Guga ne zai yi hutu?"

"Eh. Mamanka ya tafi hutu, guga ma ya tafi hutu. Akwai wani magana?"

Da wannan na karya kumallo yau Alhamis, a bakin rijiyar maƙwabciyarmu Maman Doofan, nan Bukan Sidi. Jarka biyu a hannuna. Wankin kwana biyar yana tsami a gida.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Shekara biyu ke nan da gama sakandare, ina jiran aiki, aikin bai san ina jiransa ba. Amma yau zan yi magana, don laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai manya a ciki.

Asabar da ta wuce Iya ta tafi Kwandere. Yayata Khadijat ta haihu, ana wankan jego. Mako ɗaya ta ce za ta yi. Ta bar ni da Baba, da garin masara mudu huɗu, doya uku, da naira dubu goma sha biyar a gwangwanin madara. Har ta hau mashin ta juyo.

"Lukman, ku ci ko kada ku ci, wannan ruwanku ne. Amma kada in dawo in tarar an ɓata ni da maƙwabta."

Na ce to. Na ɗauka irin maganar iyaye ce kawai.

Ranar Lahadi na zauna tsara mako. Ban tsara da ka ba, ni ɗan boko ne. Na ciro littafin nan da Iya take tallafe ƙafar tebur da shi, mai suna Uwargida Mai Tsari. A bara aka raba shi. Mai Girma Sarkin Bita, Allah ya ƙara masa tumbi, ya tara matan gari ɗari biyu a wani babban otal don a koya musu tattali. Shi ya zo da motoci goma sha huɗu. An koyar da tattalin kwana uku a cikin iyakwandishan. Aka sallami kowace mace da littafi, da ruwan gora, da hula mai hotonsa. Iya ba ta sa hula. Baba ne ke zuwa shagon ɗinkinsa da ita in ana rana.

Littafin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Takardarsa har santsi take yi. Shafi na huɗu ya ce karin kumallon Litinin ƙwai biyu ne da shayi mai kauri da 'ya'yan itace. Na duba gwangwanin madara. Na wuce shafin. Shafi na shida ya ce a dafa miyar mako guda a sa a firji. Ba mu da firji. Da muna da shi ma, wutar unguwarmu baƙuwa ce, takan leƙo ta ce sannunku ta koma. Shafi na tara shi ne ya kama ni: "Ki soke duk abin da yake fita daga gidanki ba ya shigo da riba."

Na samo kwali na ja layuka. Litinin shara da faten doya. Talata wanki, don rediyo ya ce daga yanzu famfon unguwa zai riƙa kawo ruwa duk Talata. Laraba cefane, a sayi kifin kwana uku. Haka har Asabar. Sai na tuna duk girkin da Iya ta yi, sai ta zuba kwano guda an miƙa gidan Maman Doofan. Na yi lissafi. Kwano guda sau bakwai, abincin mutum ɗaya ne cur. Na rubuta "kwanon maƙwabta", na soke shi da jan biro, yadda manya suke yi. Har wani daɗi na ji a ƙirjina. Ashe haka mulki yake.

Baba ya tsaya a kaina ya karanta kwalin.

"Malam Mai Kasafi," in ji shi. "Ka tambayi uwarka?"

"Baba, littafin manya ne."

"To."

Ya sa hularsa ya fita layin mai, don janaretan shago ya kwana biyu da ƙishirwa.

Litinin da rana Maman Doofan ta kawo mana dafaffen rogo da manja a kwanonta mai furanni. Muka cinye. Na wanke kwanon da toka da soso, ya fito yana walƙiya. Na kai mata da hannu biyu, na ce mun gode Allah ya saka. Ta buɗe murfin. Ta kalli ciki. Ta kalle ni. Ta rufe. Na koma gida ina jin na yi tarbiyya.

Talata na kwashi jarkoki na tafi famfo. Ku san famfon nan. Sau uku ana ƙaddamar da shi. Duk zuwan Mai Girma Sarkin Almakashi sai an sake masa fenti, sai tanka ta zo ana gobe ta cika tankin. Ya yanka ƙyalle, ya murɗa, ruwa ya zubo, a yi tafi, a ɗauki hoto. In ya tafi, ruwan ya bi shi. Allon da ke ɗauke da sunansa ya fi tankin girma, kuma gaskiya allon yana aiki, awaki na samun inuwa. Na tsaya tun hantsi har azahar. Famfo ya yi tari sau biyu. Shi ke nan.

Na wuce rijiyar Maman Doofan, inda muke ɗiba tun ina goye. Ta ce guga ya ɓace.

Laraba na sayo kifi. Na kai firizar Maman Doofan mai aiki da hasken rana, wadda take sa zoɓon sayarwa, inda Iya ke ajiye ɗan abin da ta samu. Ta ce firiza ya cika. Ina tsaye wata mata ta kawo kaza biyu, firiza ta karɓa. Na dawo na soya kifin duka da man da na ware wa Juma'a da Asabar. Kwalina ya fara kama da kasafin manya: abin da aka rubuta daban, abin da aka yi daban.

Shi ne yau na koma, na ga gugan da ya ɓace a rataye, aka ce min hutu yake.

"Mama, me na yi miki?"

Ta ajiye tsintsiya.

"Kai Lukuman. Shekara ashirin da biyu ni da Iyatu. Ranar da za a haife ka, ni ya goya shi a mashin na Baban Doofan, ruwan sama yana duka mu. Ashirin da biyu! Kwano na bai taɓa dawowa babu komai ba. Ko barkono uku zai sa. Ko gishiri. Ko daddawa ɗaya. Kai ka wanke shi fes ka kawo min kamar na zo bara a gidanku!"

"Littafi ne ya ce a soke..."

"Wane littafi? Na otal? Ni ma an ba ni. Da shi nake fifita gawayi." Ta ciro waya daga ɗaurin zaninta. "Bari in kira Iyatu. In ji ko shi ne ya ce a yanke zumunci."

Jama'a, na taɓa faɗuwa jarabawar lissafi. Ban ji abin da na ji yau ba. Iya ba ta duka, ba ta zagi. Kallonka kawai za ta yi ta ce "ba komai". Mutum ya gwammace a ɗaure shi.

"Mama, don Allah. Ki ba ni kwanon."

"Ka yi me da shi? Ka ƙara wanke shi?"

"Ki ba ni zuwa la'asar."

Ta daɗe tana kallona. Ta mayar da waya. Ta shiga ta fito da shi.

A hanya na gane abin da Sarkin Bita bai sa a littafi ba, don bai taɓa kwana a unguwar da famfo ke tari ba. Dubu goma sha biyar ba ta taɓa riƙe gidanmu mako guda ba. Ruwanmu a kwanon nan yake. Firizarmu a kwanon nan take. Ranar da tukunyarmu ba ta hau wuta ba, abincinmu a cikinsa yake zuwa. Iya ba ta iya rubutun boko ba, amma shekara ashirin da biyu kasafinta bai taɓa faɗuwa ba, kuma ba ta taɓa kafa kwamiti ba. Ni kwana huɗu na yi a mulki na kashe ruwa, na kashe sanyi, na ɓata hulɗa da ƙasar waje. In da adalci, ya kamata a ba ni muƙami.

Na sayi ruwa jarka ɗaya wurin 'yan garuwa, da kuɗin da kwali ya ce na sabulu ne. Na tuƙa tuwo. Na kaɗa miyar kuka. Na ɗauko kifin nan na kwana uku na juye shi duka. Baba ya shigo daidai lokacin, ya ga kifi yana shiga kwano mai furanni, ya bi shi da ido har ƙofa. Ya haɗiye yawu ya shige ɗaki. Mutumin kirki ne.

Maman Doofan ta buɗe. Ta gutsiri tuwon ta juya shi a hannu.

"Wannan tuwo ne ko bulo?"

"Tuwo ne, Mama."

"Akwai duwatsu a ciki."

"Gudaji ne."

Ta sa a baki. Ta tauna. Ta ƙara taunawa. Ta laluba miyar da cokali, ta ga kifi, ta ƙara laluba, ta ga wani. Sai ta ajiye cokalin.

"Kai da Baba me za ku ci?"

"Akwai."

"Ƙarya." Ta juya ta ciro gugan daga ƙusa ta miƙo min. "Ya dawo daga hutu. Je ka wanke kayanku, tun daga nan ina jin warinsu. Iyatu ba zai ji komai a baki na ba. Amma wannan tuwo, kada ka sake yi wa ɗan Adam."

Na ɗebi jarka shida. Na yi wankin Talata ranar Alhamis, wanda a ma'aunin manya aiki ne da aka gama kafin lokaci. Ina roƙon Mai Girma Sarkin Bita, in zai sake tara mata a otal, ya zauna a ƙasa ya ba Maman Doofan makirfo. Motoci goma sha ukun kuma ya bar su a gida, a huta da layin mai.

Ana kiran magariba muna zaune da Baba, gaban kowa kofin garin kwaki, ba suga. Sai sallama. Maman Doofan ce da kanta. Ta dire kwano mai furanni a gabanmu ta juya, ko zama ba ta yi ba. Na buɗe. Sakwara ce, mai laushi, da miyar agushi, har da nama.

Muka ci. Baba ya suɗe kwanon, ya suɗe yatsu, ya yi hamdala. Ya kalli buhun garin masara da ya kwanta. Ya kalli gwangwanin madara, ya girgiza shi, ba ƙara. Sannan ya turo min kwanon da yatsa ɗaya.

"To, Malam Mai Kasafi. Gobe me za mu zuba mata?"