Allon da Kaka Ta Toshe wa Hanci

"Sannu da gida, tsohuwa mai ran ƙarfe. Har yau dai ba ki tafi kin bar mana ɗakin ba?"

"Yawwa, sannu hotiho. In tafi in bar wa wa kai? Wace mai hankalin ce za ta kwashi ragowata?"

Haka Ashraf da kakarsa Hassana suke gaisawa tun yana ɗan mitsitsi, kuma duk layinsu a Anguwan Rogo an shaida, ranar da ka ji sun gaisa da ladabi to ɗayansu ba shi da lafiya. Yau kuwa lafiya har ta yi wa Ashraf yawa. Ko zama ya kasa yi, sai kai-komo yake a ƙofar ɗakin da ta kafa keken ɗinkinta, bakinsa har kunne.

Ashraf kafinta ne a kasuwar Katako. Wata rana ya ga mutanen bakin teku a waya suna tsayawa ƙyam a kan wani dogon allo suna tuƙa shi da filafili guda, abin ya shiga ransa ya ƙi fita. Jos ba ta da teku, amma masu haƙar kuza sun bar mana tafkuna ko ta ina. Wata uku ya yi yana haɗa nasa allon, ƙafa goma sha ɗaya, cikinsa kogo da haƙarƙarin katako a jere kamar na kifi, ya shafe shi da mai har kana ganin fuskarka. Da yake ba inda zai ɗauke shi a gidan ubansa, sai ya ajiye shi a rumfar kaka. Yau bayan la'asar Madam Tina, mai wurin shaƙatawa a bakin wani tafki a bayan gari, za ta ga gwaji. In allon ya kai shi tsallake ya dawo da shi, guda shida za ta sa ya yi mata, ya bar shagon oga ya buɗe nasa. Har mai hoto ta ɗauko, ta kuma ce lallai ya sa kayan wanka na tsohon yayi, irin na Turawan da. Ɗinkin nan ya zo karɓa.

"Ina kayana? Ko kin sayar kin sayi goro?"

"Wa zai saya? Ko mahaukaci na miƙa wa sai ya tambaye ni laifin da ya yi mini."

Ta wurgo masa. Riga ce da wando a haɗe, ratsin ja da fari a kwance, da gajeren hannu da farar ɗamara, da maɓallai uku a kafaɗa. Wandon ya sauka har ƙasan gwiwa.

"Kai! Kai! Wallahi sak, Kaka! Kamar daga cikin hoton ya fito!" Sai ya tuna da wa yake magana. "Ina nufin, a matsayin ɗinkin mai ido ɗaya da rabi, ba laifi."

"Magana zarar bunu ce, maigida. Ka riga ka yaba."

"Amma ai ulu na ce miki. Na asali da ulu ake saƙa su, na karanta."

"Kai ka karanta, ni na wanke. Ina yarinya babana ke yi wa Turawan kuza wanki, ni ke matsewa. Ulu in ya sha ruwa jiƙaƙƙiyar tunkiya yake komawa, wandon ya zazzago har idon sawu. So kake ka fito gaban Madam kana tafiyar agwagwa? Wannan yadin rigar 'yan ƙwallo ne, na tsinto a gwanjo. Kafin ka ce kwabo ya bushe."

"To jan fa? A hoton shuɗi ne."

"Ruwa ma shuɗi ne. In ka faɗa, ta ina za a hango ka?"

Ba ta ɗago ba da ta faɗi haka, ta ci gaba da neman kafar allura. Ashraf ya bushe da dariya.

"Ni? Kifi ma a wurina yake ɗaukar darasi."

"Iya ruwa dai fid da kai."

Ya faɗa ɗaki ya sa kayan, ya fito yana taku ɗaiɗai, ƙirji a gaba.

"Jama'a ku fito!" in ji kaka tana tafa hannu. "Alewar 'yan makaranta ta yi ƙafa!"

"Kishi ne. Yau 'yan matan Jos za su san kin yi sakaci da miji."

Ya nufi rumfa yana fito, sai ya tsaya cak. Rumfa wayam.

"Kaka, ina allona?"

"Teburinka? Yana can yana aiki. Sati biyu yana kwance kamar ubangidansa, ba ya tsinana wa kowa komai."

Ya ɗaga zannuwan da ke kan igiyar shanya. Ga allo can a ƙuryar tsakar gida, an ɗora shi a kan turmi biyu, ranar bazara na dukansa, an baje masa jan barkono tun daga kai har wutsiya.

"Inna lillahi! Tun yaushe?"

"Tun hantsi. Jiya ma kuɓewa ya busar mini, ta yi ƙarau. Ashe kana da amfani ban sani ba."

Ya taɓa katakon, zafi kamar kaskon tuya. Duk da haka ya ɗan kwantar da ransa, don ya san ya bar wa allon mafita. Kusa da wutsiya akwai wata 'yar kafa da yatsa zai shiga. Iskar da ke cikin kogon in ta ji zafi kumbura take yi, in ba ta sami hanya ba sai ta tura haɗin katakon ya buɗe. Ba a rufe kafar sai za a shiga ruwa, marfinta ma yana cikin jakarsa. Ya share barkonon wurin da hannu. An cusa wa kafar ƙyalle, an bi ta da narkakken kyandir, an shafe sumul.

"Kaka! Wa ya toshe wannan?"

"Ka yi godiyar daga baya, ba na sauri. Kafintan banza, ka yi jirgi ka bar masa ƙofa a buɗe? Har zanzaro na gani yana shiga da ƙasa. Kyandir guda sukutum na ƙarar a kanka."

"Hancinsa ne! Ta nan yake numfashi!"

"Katako ne ke numfashi? Ashraf, me kuke sha a Katako?"

"Wayyo ni! Gyaran gangar Auzinawa kika yi mini!"

Ya zazzage barkonon a tabarma, ya ja allon inuwa, ya fizgo almakashinta ya shiga tonon kyandir. Yana zare ƙyallen sai allon ya saki wata doguwar iska mai zafi, fuuu, kamar ba za ta ƙare ba. Kaka ta yi baya har ɗankwalinta ya zame.

"A'uzu billahi! Da rai a cikinsa?"

Ashraf ya durƙusa yana bin haɗin katakon da yatsa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don wata ukunsa da shagon da yake mafarki duk suna cikin wannan kogon. Kaka ta jira baƙar magana ba ta zo ba, shirun nan kuwa ya fi mata zagi ciwo.

"Ya lalace ke nan?" ta tambaya a hankali.

"Ban sani ba. In haɗin ya buɗe ido ba zai gani ba. Sai an kai tsakiyar ruwa."

"Ba dai da kai a kai ba."

Ta gyara ɗankwali, ta tsura wa allon ido.

"Mai facin bakin layi, in taya na zubar da iska ya rasa wurin, me yake yi? Ba iska yake ba ta ya shafa kumfa ba?"

Ashraf ya ɗago ya dube ta, sai ya daka tsalle har ɗamarar ta kwance.

"Tsohuwa! Ashe kan nan ba na ɗaura ɗankwali kaɗai ba ne! Sai dai famfo zai yi masa ƙarfi, baki ake so. Ni kuma dole in bi haɗin da ido."

"To ga baki."

"Bakin da in ya kira mai ruwa a nan, na can unguwar Rikkos ya amsa? Ai shi ne daidai!"

Ta karyo karan ganyen gwanda mai rami, ta naɗe bakinsa da ƙyalle ta soka a kafar, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna. Shi kuma ya kaɗa sabulu a bokiti, ya ɗauko soso.

"Hura, amarya! Ba a nan ake rowa ba!"

Ta hura, kumatu suka cika tam kamar na mai algaita.

"Ƙara! Ko giɓin ne ke satar iskar?"

Ta zare karan tana haki. "Giɓin nan... ƙashin naman da ubanka ya kasa taunawa... shi ya jawo shi."

"Magana ba ta cikin aikin, hura!"

Gefen hagu lafiya lau. Gefen dama ko ƙwayar kumfa ba ta motsa ba. Wutsiya ma haka. Zuciyarsa ta fara sauka, har ya soma 'yar waƙa. Ya zo kan allon, can ƙasan goshi, ya shafa soso. Sai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a jere, ɗaya na bin ɗaya.

Ya san wurin sarai. Ranar da ya rufe allon gam ya ƙare masa daidai nan, ya ce ai ɗan wannan ba komai, mai zai rufe. Ya saci kallon kaka, ya haɗe fuska.

"Kin gani ko? Kin fasa mini goshi."

"Matsa in gani."

Ta sa tabarau, ta bi wurin da farce, ta sake bi. Sai ta ɗago a hankali, murmushi na yaɗuwa a fuskarta.

"Maigida, shekarata hamsin a kan keke. Ɗinkin da ya ɓarke daban, wanda ba a ɗinka ba daban. Inda ya ɓarke yana barin zare. Nan ko ƙanshin gam bai taɓa ji ba."

"Rana ce ta..."

"Rana ce ta shigo ta lashe gam ɗin? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na tsohuwa!"

"Ɗan wuri ne fa, ko rabin yatsa bai kai ba."

"Ruwa ya taɓa tambayar faɗin ƙofa? Da ban shanya barkonona ba, yau da kifi sun ci alewa!"

Ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka amsa. Ashraf ya rufe fuska da soso yana dariya, dariyar da rabinta kunya ce rabinta kuma godiya ga Allah. Ya zaro gam mai haɗi biyu daga jakarsa, irin mai saurin kamawa, ya goge wurin ya busar, ya cika shi, ya ɗaure da tsohuwar robar taya. Ya canza kaya suka yi azahar, suka ci ɗanwake suna gardamar wanda ya fi wani loma. Da gam ya kama kaka ta sake hurawa, ya zuba kumfa tun daga goshi har wutsiya, sau biyu. Tsit.

"Ya yi! Kaka, ya yi! Wallahi ya yi!"

Ya zagaye tsakar gida yana rawa da filafili a kafaɗa, ya kira mai keke napep a waya ya ce ya zo da igiya mai kauri. Suna ɗaure allon a saman keken ne kaka ta fito da karan gwandanta a hannu.

"Kafin ka rufe hancin, zan hura masa na ƙarshe."

"Ba a nan ake rufewa ba, sai a bakin ruwa."

"To a bakin ruwan zan hura."

Sai a lokacin ya lura da mayafi a kafaɗarta da takalmin unguwa a ƙafarta. Matar da tun yana yaro, in mota ta bi da su ta gefen tafki, take runtse ido tana salati har a wuce.

"Ke? Bakin tafki?"

"Tsoro nake ji, Ashraf, ba zan ɓoye maka ba. Tun ranar da ka kawo katakon nan ban yi barcin kirki ba. Amma na fi jin tsoron in zauna a nan ina jiran labari." Ta ɗaga karan. "Ka rufe shi da numfashina a ciki. Shekara saba'in da biyar yana ɗauke da ni bai gaza ba, ba zai kasa ɗaukar ɗan tsurut kamarka ba."

Ashraf ya juya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara, sannan ya yi dariya.

"Na sallama, tsohuwa. Kin ci."

Ya share mata kujerar keken da hularsa, ya riƙe hannunta ta hau.